Shin halin yaro na nuna kaifin ƙwaƙwalwarsa? Tambayar da ke gaban iyaye da malamai a masarautar Gumel

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika maƙil tun da hantsi. Fatake daga Jamhuriyar Nijar na shigowa da raƙuma da shanu da tumaki, 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya kuma na jiran a loda musu manyan motoci.

A kara, wato wurin cinikin dabbobi, ba a rasa yara masu tasowa da ke taya iyayensu ko iyayen gidansu aiki. Baƙon da ya zo daga yankin Damagaram zai faɗi kuɗin dabbarsa da jika, wadda ita ce sefa 1,000, ko da dala, wadda ita ce sefa 5. Yaron da ya goge zai juya kuɗin zuwa naira da ka bisa canjin ranar, ya cire la'adar dillali, ya faɗi abin da ya rage kafin babba ya gama laluben wayarsa.

Irin wannan yaro idan ya shiga aji washegari ba lallai ne ya buɗe baki ba. Yana iya zama a bencin baya, kansa a sunkuye, har a tashi. Malamin da bai taɓa ganinsa a kara ba zai iya cewa yaron ba ya ja.

A wani ajin kuma akasin haka ake yi. Yaro mai shiru-shiru shi ake ɗauka mai zurfin tunani, mai surutu da ƙiriniya kuma a ce kasuwa ce ta dace da shi.

Duka hukuncin biyu tushensu ɗaya ne: an kalli halin yaro, an yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa. Tambayar ita ce ko halin mutum yana iya ɗaukar wannan nauyi.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ne suka haɗu suka zama masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa. Kamar ko'ina a Najeriya, ɗalibin da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare a yankin yana isowa mararraba: ko ajin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci.

Sauye-sauyen da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi a 2025 sun ƙara wa wannan mararraba nauyi.

Gab da fara zangon karatu na 2025/2026, ma'aikatar ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa. Ɗaliban ƙaramar sakandare za su riƙa ɗaukar darussa 12 zuwa 14, na babbar sakandare kuma 8 zuwa 9.

An kuma taƙaita darussan sana'a zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da amfanin gona. Daga cikinsu ne ɗalibi zai zaɓi tasa.

A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ta sake cewa ba dole ne ɗaliban fannin adabi su samu kiredit a lissafi ba kafin a ba su gurbi a manyan makarantu, ko da yake daga baya ta fayyace cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da zana jarabawar lissafi da ta Turanci.

Ƙaramar ministar ilimi da ta shiga gaba wajen sanar da sabuwar manhajar, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ba baƙuwa ba ce a yankin. Ita ce shugabar Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel kafin Shugaba Bola Tinubu ya naɗa ta minista a ƙarshen 2024.

Ma'anar sauye-sauyen ita ce darussa sun ragu, zaɓi kuma ya ƙara tsauri. Yaron da aka tura ajin adabi yana ɗan shekara 15 saboda ana ganin surutunsa ya yi yawa, da wuya ya dawo ya karanci aikin likita ko injiniya. Wanda aka cusa a ajin kimiyya don kawai ba ya magana kuma yana iya shafe shekara uku yana wahala da abin da zuciyarsa ba ta so.

Hankali da basira: kalmomi biyu da ake cakuɗawa

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Akwai basira da hazaƙa da fahimta, waɗanda ke nuni ga saurin gane abu. Akwai wayo da dabara, waɗanda suka shafi iya fita daga matsala. Akwai ƙwazo da naci, wato jajircewa a kan aiki. Sannan akwai hankali, wadda ta fi kowacce faɗi.

Idan aka ce yaro yana da hankali, yawanci ba maki ake nufi ba. Ana nufin yana gaida manya, yana sauraro, ba ya katse maganar na gaba da shi, ya san inda zai yi shiru.

Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya jera hankali tare da siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi. Wato a al'adance hankali ɗabi'a ce ta zaman tare.

Matsalar kan taso ne idan aka shigo da wannan ma'auni cikin aji ba tare da an lura ba. Yaro mai ladabi ya cancanci yabo, amma ladabinsa bai faɗi komai ba game da yadda yake sarrafa lissafi. Haka nan yaron da ke damun malami da tambaya ana iya kiransa mai rashin kunya, alhali tambayar ce alamar da ya kamata a bi.

Abin ya fi shafar 'yan mata. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga murya a gaban namiji babba ba za ta ɗaga hannu a aji ba ko da ta san amsa. Idan shirunta ya sa aka ɗauka karatun ba ya shiga, iyayen da dama suke tunanin aurar da ita sun samu hujja.

Haruffa huɗu a wayar hannu

Rarraba mutane gida-gida ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa akwai masu hisabi da ke lissafa haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa su ce ɗabi'arsa ta wuta ce ko ta ruwa ko ta iska ko ta ƙasa, abin da malaman addini da dama ke hani a kai.

Na zamanin yanzu ya zo ne ta intanet. Duk matashin da ke da waya da data, ko a Gumel yake ko a wani ƙauye na Sule Tankarkar, zai iya amsa tambayoyi na 'yan mintuna a ba shi haruffa huɗu, kamar INTJ ko ESFP, a ce wannan ne nau'in halinsa. A TikTok da Facebook akwai bidiyoyi da rubuce-rubuce masu yawa da ke jera waɗannan nau'o'i, suna cewa wasu ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, wasu kuma 'yan rakiya.

Asalin haruffan gwajin Myers-Briggs ne, wanda wata Ba'amurkiya Katharine Cook Briggs da 'yarta Isabel Briggs Myers suka tsara a shekarun 1940, bisa ra'ayoyin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung da ya wallafa a 1921. Gwajin na raba mutane gida 16.

Masana sun daɗe suna sukar sa kan abu biyu. Na farko, yana tilasta mutum ya faɗa ɗaya daga ɓangare biyu, ko mai son jama'a ko mai son kaɗaici, alhali yawancin mutane a tsakiya suke. Na biyu, sakamakonsa ba ya zama daram: wasu nazarce-nazarce sun nuna cewa har kusan rabin waɗanda suka sake yin gwajin bayan makonni kaɗan kan samu haruffa daban.

Kamfanin da ke da mallakar gwajin ma da kansa yana cewa ba ya auna iyawa ko basira, kuma bai kamata a yi amfani da shi wajen tantance waɗanda za a ɗauka aiki ba.

Me bincike ya gano?

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun fi dogara da wani tsari da ke auna hali ta fuskoki biyar, kowace fuska a matsayin ma'auni mai hawa da sauka.

Ta farko ita ce son sanin sabon abu da buɗaɗɗen tunani. Ta biyu naci da tsari a kan aiki. Ta uku son shiga jama'a. Ta huɗu sauƙin kai da jituwa da mutane. Ta biyar kuma saurin shiga damuwa da fargaba.

A 2022 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jeromy Anglim na Jami'ar Deakin da ke Ostireliya sun tattara sakamakon bincike 272 da suka ƙunshi mutum sama da 160,000, domin su ga yadda waɗannan fuskoki ke tafiya da sakamakon gwajin basira.

Fuskar da ta fi alaƙa da basira ita ce son sanin sabon abu, da alaƙar da ta kai 0.20 a ma'aunin da ƙarshensa 1 ne. Saurin damuwa na da 'yar ƙaramar alaƙa ta koma-baya. Sauran ukun, har da son jama'a ko son kaɗaici, alaƙarsu da basira kusan sifili ce.

Domin a gane ƙanƙantar 0.20, a ɗauka an zaɓo mutum biyu a makance, aka yi hasashen cewa wanda ya fi son sanin sabon abu shi ne zai fi cin gwajin basira. Hasashen zai yi daidai ne kusan sau 56 cikin 100. Wanda ya jefa kwabo zai dace sau 50. Wannan kuwa ita ce alaƙa mafi ƙarfi a cikin biyar ɗin.

Wani nazari mafi girma da Kevin Stanek da Deniz Ones na Jami'ar Minnesota a Amurka suka fitar a 2023 ya haɗa bincike sama da 1,300 da mutum fiye da miliyan biyu. Shi ma ya nuna cewa damuwa da fargaba na tafiya da raguwar sakamako, yayin da himma da kuzarin aiki da tausayi ke da alaƙa mai kyau da wasu ɓangarori na basira.

A taƙaice, shirun yaro ko surutunsa ba ya gaya wa malami ko yaron zai iya kimiyya. A cikin masu shiru akwai haziƙai da masu rauni, a cikin masu surutu ma haka.

Sai dai akwai fuska ɗaya ta hali da ke da tasiri a kan maki ta wata hanya daban. Nazarin da Arthur Poropat ya yi a 2009 kan ɗalibai sama da 70,000 ya gano cewa naci da tsari na hasashen sakamakon karatu, kuma tasirinsu bai dogara da kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Malaman tsangaya sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Almajirin da ya zama gwani ba dole ne ya kasance wanda ya fi saurin ɗauke allo a farko ba. Sau da yawa shi ne wanda bai gaji da tilawa da wankewa da sake rubutawa ba tsawon shekaru.

Akwai taka-tsantsan da ya kamata a yi da waɗannan alƙaluma. Galibin binciken an yi shi ne a Turai da Amurka. Wani nazari na 2019 da ya duba amsoshin mutum sama da 94,000 a ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki ya gano cewa tambayoyin fuskoki biyar ɗin ba sa auna abin da aka tsara su auna yadda ya kamata a irin waɗannan wurare.

Idan gwajin da masana suka fi amincewa da shi yana tangal-tangal da zarar ya bar inda aka ƙirƙire shi, to gwajin kyauta na Turanci da ɗan sakandare zai yi a waya bai isa a ɗora makomar kowa a kansa ba.

Lissafin kara da lissafin allo

Idan hali bai bayyana bambancin da ke tsakanin yaron kara da yaron aji ba, mene ne ya bayyana shi?

Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a watan Fabrairun 2025 ya ba da haske. Cikin waɗanda suka yi shi akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka lashe kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Masu binciken sun gwada yara 1,436 da ke sayar da kaya a kasuwannin biranen Kolkata da Delhi na Indiya. Kusan dukkansu suna yin lissafi mai sarƙaƙiya daidai a lokacin ciniki. Amma da aka rubuta musu lissafi mai sauƙi irin na makaranta, wanda babu kaya ko kuɗi a cikinsa, sai suka kasa.

Yaran makarantun da ke kusa waɗanda ba su taɓa ciniki ba kuma sun nuna akasi. Sun fi iya lissafin takarda, amma kashi 1 cikin 100 ne kacal suka warware wata tambaya ta kasuwa da fiye da kashi ɗaya bisa uku na yaran kasuwar suka warware.

Darasin shi ne ƙwarewa tana bin inda aka horar da ita. Yaron Maigatari da ke juya sefa zuwa naira ya nuna cewa ƙwaƙwalwarsa na riƙe lambobi, tana kuma sarrafa su cikin sauri. Abin da ya rasa shi ne gadar da za ta kai shi daga kara zuwa allo.

Wani zai iya cewa to a bar shi a kasuwar mana, tunda a can ya fi ƙarfi. Tarihin iyakar na baya-bayan nan ya nuna haɗarin hakan.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari tare da wasu uku. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe ta har zuwa Maris na 2024. A duk lokutan biyu ciniki ya ja baya, masu cin abinci a kasuwar suka shiga matsi.

Matashin da basirarsa ke aiki a kara kaɗai, rufe iyaka na iya tsayar da rayuwarsa cak. Wanda ya haɗa ta da takarda yana da wata ƙofar.

Abubuwan da ke danne basira

Mayar da hankali kan hali yana da wata illa: yana kawar da ido daga abubuwan da aka tabbatar suna taɓa ƙwaƙwalwar yaro, waɗanda kuma ana iya gyara su.

Na farko shi ne abinci. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Tsumburewa a farkon rayuwa na da alaƙa da raunin koyo daga baya. Yaran da aka auna a wancan lokacin yanzu suna firamare, manyan cikinsu sun fara shiga ƙaramar sakandare.

Yaron da ya zo aji da yunwa ko da ƙarancin jini zai yi lamo. Mai kallo daga nesa zai ce halinsa ne.

Na biyu shi ne harshe. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga matakin farko. Ko da wane ɓangare mutum ya goyi baya a wannan muhawara, abu ɗaya a fili yake: yaron da ke jin Hausa ko Fulatanci kaɗai a gida, idan aka yi masa tambaya da Turanci ya yi shiru, ba a san ko lissafin ne bai gane ba ko tambayar.

Na uku shi ne tsoro. Tunda bincike ya nuna fargaba na rage sakamakon gwaji, ajin da ake dukan wanda ya ba da amsa ba daidai ba, ko a bar 'yan aji su yi masa dariya, yana ƙera yara masu shiru da kansa.

Na huɗu shi ne yawan shekarun da yaro ya yi a makaranta. Nazarin da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka fitar a 2018, wanda ya ƙunshi mutum sama da 600,000, ya gano cewa kowace ƙarin shekara ta karatu na ɗaga sakamakon gwajin basira da maki 1 zuwa 5. Wato basirar da ake aunawa ba gadon haihuwa ba ce zalla. Makaranta na ƙara ta.

A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, inda damina da kakar gero da riɗi da zoɓo ke buƙatar hannun kowa a gida, yaron da ya rasa makonni a kowane zango zai kasance a baya ko da wane irin hali gare shi.

To ina amfanin sanin hali?

Duk wannan ba ya nufin iyaye da malaman da ke lura da halin yaro sun yi kuskure. Uwa ta fi kowace takardar gwaji sanin ɗanta. Malamin da ke fama da aji cike da ɗalibai kuma dole ne ya nemi alamar da zai kama, don ba shi da lokacin zama da kowa.

Inda hali ke da amfani shi ne wajen sanin irin aikin da mutum zai ji daɗinsa ya daɗe a kai. Dillancin dabbobi na son mai baki da sakin fuska. Gyaran waya na son mai haƙurin zama wuri ɗaya yana bin ƙananan wayoyi. Haɗa sola na son mai kiyaye ƙa'ida, don ganganci a wurin na iya jawo gobara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saboda haka, a wajen zaɓar ɗaya daga sana'o'i shidan sabuwar manhaja, tambayar yaro abin da yake so da duba ɗabi'arsa abu ne mai ma'ana. Kuskuren shi ne a juya maganar, a mayar da darasin sana'a wurin jibge waɗanda aka yanke wa hukuncin cewa ba su da ƙwaƙwalwa. Mai haɗa sola na buƙatar lissafin wuta, mai kiwo na zamani na buƙatar lissafin abinci da magani da riba.

Haka kuma hali ba zanen dutse ba ne kamar yadda karin magana ke cewa, musamman a shekarun tasowa. Bincike mai bin mutane tsawon shekaru ya nuna cewa yawancinsu kan ƙara natsuwa da kula da aiki yayin da suke girma. Ɗan shekara 14 mai ƙiriniya bai gama zama abin da zai zama ba.

Abin da yankin ya riga ya sani

Jigawa na da tarihin da za ta duba. A 1977, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnati ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ana shiga ne ta jarabawa, kuma makarantun sun fitar da likitoci da injiniyoyi da dama, ciki har da 'ya'yan talakawa daga karkara.

Bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991 tsarin ya ci gaba, kuma makarantar kimiyya ta Lautai da ke Gumel na cikin irin waɗannan makarantu. A zamanin Gwamna Sule Lamido an ƙara da makarantar haziƙan yara da ke Bamaina a Birnin Kudu.

Ƙarfin wannan tsari shi ne yana duba abin da yaro ya rubuta. Rauninsa shi ne jarabawar rana ɗaya ita ma ba ma'asumiya ba ce. A 2025 hukumar JAMB ta amince cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har ta sake musu jarabawa.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne haɗa shaidu da yawa: makin gwaje-gwajen shekara uku na ƙaramar sakandare, sakamakon jarabawar kammalawa, da abin da ɗalibin ya ce yana so. Makarantu na iya barin ƙofa a buɗe a zangon farko na babbar sakandare, ta yadda wanda aka ajiye a inda bai dace ba zai iya sauya aji kafin lokaci ya ƙure.

Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tanadar malaman ba da shawara a makarantun sakandare. Wannan ne ainihin aikinsu, kuma zai yi tasiri ne idan an ba su lokacin zama da ɗalibai a maimakon a cika musu jadawali da wasu darussa.

A cikin aji ma akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Malami na iya neman kowa ya rubuta amsa a takarda kafin a ɗaga hannu, don mai kunya ya samu hanyar nuna abin da ya sani. Yana iya maimaita tambaya da Hausa idan ya ga an yi tsit. Yana iya fara darasin kaso cikin ɗari da la'adar dillali ko canjin sefa kafin ya koma alamomin littafi.

Kwalejin Ilimi ta Gumel na da rawar takawa a nan, domin daga cikinta ne malaman firamare da ƙaramar sakandare da dama na jihar ke fitowa. Ɗalibin malanta da ya bar kwalejin da sanin cewa shiru ko surutu ba ma'aunin ƙwaƙwalwa ba ne zai yi shekaru yana yanke hukunci a kan ɗaruruwan yara da wannan sani.

Su kuwa iyaye, kafin su amince da ajin da aka zaɓa wa ɗansu ko 'yarsu, suna da haƙƙin zuwa makaranta su nemi a nuna musu makin shekara ukun. Idan amsar da aka ba su ita ce yaron shiru-shiru ne, ko surutunsa ya yi yawa, to ba a amsa tambayarsu ba tukuna.